Gashi a cikin kashin kare: abin da ya kamata ku sani

Duk mai ajiye kare, na gadi ne ko na farauta ko mai bin garke, wata rana zai zo sharar wurin da karen yake kwana ya tarar da gashi a cikin kashinsa. Wani lokaci ɗan sili biyu ko uku ne suka leƙo. Wani lokaci kuma kashin gaba ɗaya ya cakuɗe da gashi, ya murɗe, har idan aka sa masa shebur ba ya yarda ya rabu. A nan wasu hankalinsu yake tashi, su fara zargin ko wani ne ya ba karen mugun abu. Wasu kuwa ko a jikinsu, su kwashe su zubar.

Gashin shi kansa ba cuta ba ne, kuma a mafi yawan lokaci babu abin tayar da hankali a ciki. Amfaninsa shi ne yana nuna muku abin da karen ya haɗiya jiya ko shekaranjiya. Saboda haka abin da ya kamata mai kare ya tambayi kansa shi ne: gashin wane ne, kuma me ya kai shi bakin karen? Amsar wannan ce za ta nuna ko a kwantar da hankali, ko a nemi likitan dabbobi.

Dalilin da ya sa gashi yake fitowa yadda ya shiga

Gashi da farce da kofato da ƙaho duk da abu ɗaya aka gina su, wani sinadari mai taurin gaske da masana ke kira keratin. Ruwan da ke narka abinci a cikin kare yana da ƙarfi, yana iya laushe nama da jijiya har da ƙananan ƙasusuwa, amma ba ya cin gashi. Don haka duk gashin da kare ya haɗiya zai bi hanji ya fita, galibi cikin kwana ɗaya ko biyu, da launinsa da tsawonsa. Masu binciken namun daji ma da wannan suke aiki: su tsinci kashin zaki ko na kura a daji, su wanke, su duba gashin da ke ciki da madubin likita, su gane irin dabbar da aka cinye ba tare da sun ga farautar da idonsu ba.

Kafin komai dai a tabbatar gashin ne. Karnuka suna cin ciyawa, kuma zaren ciyawar da bai narke ba yana kama da gashi sosai. Haka zaren buhu da na tsumma. A lokacin damina, kashin da ya kwana ɗaya ko biyu a inuwa yakan yi fumfuna fara mai laushi a samansa, wanda idan mutum bai lura ba sai ya ɗauka gashi ne, alhali daga baya ta tsiro, ba daga cikin karen ta fito ba. Shi ya sa sabon kashi ake dubawa. A sa tsinke a buɗe shi. Gashi siriri ne, ba ya motsi, kuma ba ya tsinkewa da sauƙi. Idan abin fari ne mai kauri kamar taliya, wannan macijin ciki ne. Idan ƙanana ne farare masu kama da ƙwayar shinkafa, wani lokaci har suna motsi, gaɓoɓin tsila ne. Waɗannan biyun magani suke buƙata, za mu dawo kansu.

Idan gashin karen ne da kansa

Kare yana lasar jikinsa kullum, kuma kullum gashinsa yana zuba, don haka dole ya haɗiyi kaɗan. Karnukanmu na gida masu gajeren gashi ba su cika nuna wannan ba. An fi ganinsa a jikin karnukan waje da ake saye don gadi a birane, irin su Alsatian da Caucasian, masu gashi hawa biyu, wanda idan ya tashi zuba sai ya cika tsakar gida. Karyar da ta haihu ita ma kashinta yakan cika da gashi, domin wuni take yi tana lasar 'ya'yanta, ga nata gashin da yake zuba bayan haihuwa. Duk wannan ba komai ba ne muddin karen yana cin abincinsa, yana da kuzari, kashinsa yana fita ba tare da wahala ba, kuma fatarsa lafiya lau take.

Inda ake samun matsala shi ne idan gashin ya yi yawa, kullum sai an gani, kuma launinsa irin na jikin karen ne. To a nan ku bar kashin ku koma kan karen, domin ciwon yana fatarsa. Karen da ƙaiƙayi ya dama ba ya tsayawa ga susa da ƙafa kawai, haƙora yake sa wa wurin yana gurgura, yana tsige gashi yana haɗiyewa. Mafi yawan masu kare ba sa ganin wannan, don sau da yawa da dare ake yi ko a bayan gida inda aka ɗaure shi. Kashin ne yake fara tona asiri.

Babbar mai jawo wannan ita ce ƙuma. Ta fi son gindin wutsiya da bayan cinyoyi da mara. Ba lallai ne ku gan ta ba, tana da saurin ɓuya, kuma akwai karnukan da jikinsu ba ya jure yawunta, cizo kaɗan ya isa ya sa su kwana suna susa. Ga hanya mai sauƙi ta gane ta: a tsayar da karen a kan farar takarda ko farin ƙyalle, a taje bayansa. Idan baƙaƙen ɗigo-ɗigo suka zubo, a ɗiga musu ruwa. In sun narke sun yi ja, kashin ƙuma ne, wato jinin karen da ta sha. Ƙuma mace tana iya saka ƙwai 40 zuwa 50 a rana, kuma ƙwan ba a jikin kare yake zama ba, zubewa yake a shimfiɗarsa da cikin ƙasar da yake kwanciya. Wannan ne ya sa mutum zai wanke karensa tas, bayan mako biyu ƙuma ta dawo kamar ba a yi komai ba. Sai an haɗa da share makwancin, a wanke tsumman da ruwan zafi a shanya a rana, ko a ƙone shi.

Ƙuma kuma ba ta tsaya ga ƙaiƙayi ba. A cikinta ne wata irin tsila take girma, kuma idan kare yana gurgurar jikinsa ya haɗiyi ƙuma, ya haɗiyi tsilar ke nan. Shi ya sa sau da yawa ake ganin gashi da waɗannan farare masu kama da shinkafa a kashi ɗaya. Duk wanda ya ba da maganin tsutsa ya bar ƙuma, aikin baban giwa ya yi.

Sai ƙazuwar kare, wadda wata mitsitsiyar halitta da ido ba ya gani take haddasawa ta hanyar haƙa rami a cikin fata. Takan fara daga gefen kunnuwa da gwiwar ƙafafun gaba da ciki, gashi ya zube, fata ta yi kauri ta yi ɓawo. Ƙaiƙayinta ba ya barin kare ya yi barci. Tana yaɗuwa daga kare zuwa kare da sauri, kuma mai ɗaukar karen ma yana iya samun ƙuraje masu ƙaiƙayi a hannu da ciki. Akwai kaska, wadda take maƙalewa a kunne da tsakanin yatsu, ita kuma baya ga damun kare tana sa masa zazzaɓin da ke shanye jini. Akwai makero, wanda yake cin gashi ya bar da'ira, kuma yara suna ɗauka. A ƙasashenmu akwai wani ƙuda da yake saka ƙwai a cikin ƙasar da fitsari ko kashi ya jiƙa, tsutsarsa ta huda fatar kare ta zauna a ciki, ta yi maruru mai ɗan rami a tsakiya. 'Yan kwikwiyo sun fi fama da shi, kuma karen da ya kamu yakan lashi wurin har gashi ya ƙare.

Wani lokaci babu ƙuma babu ƙazuwa, amma karen ya nace wa wuri ɗaya. A duba wurin da kyau: ƙaya ce, ko rauni, ko ciwon gaɓa irin na tsufa. Kare ba shi da abin da zai yi wa inda yake masa ciwo sai lasa.

Akwai kuma wanda mu ne sanadi, kuma shi ya fi damuna. Karen da aka ɗaure da gajeriyar sarƙa, ko aka kulle a keji tun asuba har dare, kullum, ba yawo ba wasa ba abokin zama, yakan fara lasar ƙafarsa ta gaba saboda ƙunci. Yana yi yana yi har gashin wurin ya tafi, fata ta ɗaye, ta zama gyambo mai kauri da yake wuyar warkewa. Mutane da yawa sun yi imani cewa kulle kare shi yake sa ya yi zafi. Abin da kullen yake haifarwa shi ne dabba mai firgici da rashin lafiya, wadda ba ta bambance ɓarawo da ɗan maƙwabci. Maganin wannan gyambon ba a kanti kaɗai yake ba, sai an saki karen ya motsa jiki, an ba shi inuwa da ruwa da fili. Wanda ya tsare dabba, haƙƙin cinta da shanta da lafiyarta yana wuyansa, kuma wannan abu ne da addini da al'ada duka suka koya mana.

Abinci ma yana da hannu. Karen da ba ya samun komai sai ƙanzo da ragowar tuwo da dusa, gashinsa yakan bushe ya yi ta zuba, domin gashi da sinadarin gina jiki ake yin sa. Ɗan kifi, ƙwai, ko dafaffen nama a kai a kai yana canza fatar kare cikin 'yan makonni.

Idan gashin wata dabba ce

Baƙin kare ne amma gashin toka-toka ne gajere, ko ga 'yan ƙananan ƙasusuwa da haƙora da farce a ciki: ya ci ɓera, ko gafiya, ko kurege, ko zomo. Ga karen farauta da karen ƙauye wannan abu ne na yau da kullum, kuma gashin zai wuce cikin kwana biyu. Haka idan an jefa masa guntun fata ko ƙafa ko kai daga wurin mahauta. Abin dubawa shi ne abin da ya shiga tare da gashin.

Na farko guba ce. Idan ku ko maƙwabta kun sa shinkafar ɓera ko wani maganin ɓera a 'yan kwanakin nan, sannan kuka ga gashin ɓera a kashin karenku, kada ku ɗauki abin da wasa. Ɓeran da ya ci guba ba ya iya gudu, shi ne kare ya fi saurin kamawa, kuma karen da ya kai inda ɓeran yake yana iya kaiwa ga gubar ita kanta. Da yawa daga magungunan ɓera hana jini daskarewa suke yi, kuma mugun halinsu shi ne ba sa nuna alama nan take. Karen zai yi kwana 3 zuwa 5 yana harkokinsa, sannan ya fara kasala, dasashinsa ya yi fari, numfashi ya yi wuya, jini ya fito ta hanci ko a fitsari, ko kashi ya koma baƙi ƙirin. Irin wannan gubar tana da makari, wato bitamin K1, wanda likita yake bayarwa na tsawon makonni, kuma yana aiki sosai idan an fara da wuri. Man ja da madara da ake ɗura wa kare ba sa karya wannan guba. A ɗauki kwalin maganin ko ledarsa a tafi da shi wurin likita, domin magungunan ɓera iri-iri ne kuma kowanne da yadda ake tunkararsa. Mushen ɓeran da kare ya kawo gida kuwa, kada a ɗauke shi da hannu tsirara, kada a bar yara su yi wasa da shi. Ɓera ne yake yaɗa zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu.

Na biyu tsutsar ciki ce. Zomo da ɓera da sauran ƙananan dabbobi suna ɗauke da 'ya'yan tsutsotsi a jikinsu, waɗanda suke girma a hanjin kare. Amma wadda ta fi haɗari ga mutanen gida daga kayan cikin tumaki da awaki da shanu da raƙuma take zuwa. Mahauta sun san hanta ko huhun da ake samu da ƙulli-ƙulli masu ruwa a ciki. Da yake ba mai saye, sai a yanke wurin a jefa wa karnukan da ke zagaye kwata, haka ma a gidaje ranar layya. Kowane ƙulli cike yake da 'ya'yan wata ƙaramar tsila da tsawonta bai wuce milimita 6 ba. Ba ta cika damun karen ba, kuma ba za ku gan ta a kashinsa ba. Ƙwanta ne yake fita, ya zauna a ƙasa da ciyawa da kayan lambu, har ya manne a gashin karen. Idan ya shiga bakin mutum, sai irin wancan ƙullin mai ruwa ya tsiro a hantarsa ko huhunsa, ya yi shekaru yana girma shiru, wani lokaci sai an yi tiyata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum fiye da miliyan 1 ne suke ɗauke da wannan cuta a duniya a kowane lokaci, kuma an fi samunta a wuraren da ake kiwo tare da karnuka. Idan kun ga gashin tunkiya ko na akuya a kashin karenku alhali ba ku kuka ba shi ba, to yana zuwa inda ake yanka ko inda ake yar da mushe, kuma ya kamata a ba shi maganin tsila. Kayan cikin da ke da ƙulli a ƙone su ko a binne da zurfi. Wanda za a ba kare kuma a dafa shi ya nuna.

Na uku ƙashi ne. Gashi da garin ƙashi idan suka haɗu a hanji sukan zama busasshen kashi fari mai tauri, wanda kare zai yi ta yunƙuri yana kuka bai fita ba. Dafaffen ƙashi, musamman na kaza, yana tsagewa ya yi tsini, kuma yana iya yanka hanji.

Idan gashin mutum ne

Wannan an fi samunsa a gidan da karen yake shiga tsakar gida ko yake kusa da bola. Gashin tsifa da na aski da aka share, da gashin doki da aka cire aka yar, duk suna manne wa abin da kare zai lasa. 'Yan kwikwiyo kuwa komai suka gani sai sun tauna. Dogon gashi yakan bar wani ɓangare na kashin yana reto a duburar kare, ya yi ta juyi yana jan gindi a ƙasa.

Abin da kowa yake yi a nan shi ne ya kama ya fizge. Kada ku yi. Idan sili ɗaya ne gajere, a sa leda a hannu a ja a hankali, zai biyo. Da zarar kun ji ya turje, ko karen ya yi ƙara, ku tsaya. A sa almakashi a yanke abin da ya fito, a bar sauran. Dalili shi ne ba ku san tsawon abin da ya rage a ciki ba. Dogon zare ko gashin doki yana iya maƙalewa a can sama, a ciki ko ma a ƙarƙashin harshe, ragowar ta miƙe a cikin hanji. Idan aka ja, hanjin yana tattarewa a jikinsa, zaren ya yanka shi. Wannan yana kashe kare. Bayan an yanke, a sa ido kwana ɗaya ko biyu. In ya fita da kashi na gaba, shi ke nan. In karen ya fara amai ko ya ƙi abinci, a tafi asibiti a ranar.

Akwai wata matsala da ta shafi karnuka masu dogon gashi, irin ƙananan nan Lhasa da ake ajiyewa a gidajen birni. Gashin da ke kewaye da dubura yana cuɗewa da kashi ya bushe ya toshe ƙofar gaba ɗaya. Mai karen ya ɗauka ciki ne ya ɗaure, alhali a waje matsalar take. Idan aka bar shi, ƙuda zai bi wurin, tsutsa ta shiga. A ɗaga wutsiya a duba, a jiƙa da ruwan ɗumi, a rage gashin a hankali.

Alamomin da ba a jira da su

Dunƙulen gashi ya toshe ciki ko hanji abu ne da aka fi sani ga kyanwa. Yana faruwa ga kare, amma ba kasafai ba, kuma galibi ga mai dogon gashi ne da ya daɗe yana cin jikinsa. Idan ya faru, ko idan wani abu daban ne ya toshe, karen zai yi ta amai, har ruwan da ya sha ya dawo, ya ƙi abinci, cikinsa ya yi tauri ko ya kumbura, ya yi ƙara idan an taɓa, ya kwanta ya ƙi tashi. Karen da ya yi kwana biyu yana yunƙuri babu kashi, da wanda kashinsa ya zo da jini ko ya yi baƙi kamar kwalta, da wanda dasashinsa ya koma fari maimakon ja-ja, duk na likita ne a ranar. Ɗan kwikwiyo mai amai da gudawar jini mai wari kuwa ko awa ɗaya kada a ƙara, domin akwai cutar parvo da take kashe su cikin 'yan kwanaki, kuma tana da allurar rigakafi.

Kada a ɗura wa kare man gyaɗa ko wani mai da ƙarfi don gashi ya wuce, yana iya sarƙewa man ya shiga huhu. Kada a ba shi maganin ciwon jiki na mutane irin su ibuprofen da diclofenac, suna sa masa gyambon ciki su lalata ƙoda. Kada a shafa masa baƙin mai ko kananzir don ƙazuwa, kuma kada a wanke shi da fiya-fiya ko maganin feshin gona don kaska. Karen da ƙaiƙayi ya dama lasar jikinsa yake yi, duk abin da aka shafa masa cikinsa zai tafi, kuma karnuka da yawa maganin ne ya kashe su, cutar ba ta kai ga haka ba. Akwai magungunan ƙuma da kaska da ƙazuwa da aka yi domin kare, na wanka da na ɗigawa a wuya da na haɗiya, wasu suna aiki wata ɗaya wasu har wata uku, kuma da nauyin karen ake auna su. Wanda yake da kyanwa a gida ya tambaya kafin ya saya, domin wasu magungunan kare, musamman masu sinadarin permethrin, guba ne gare ta.

Abu ɗaya ne ya wuce duk waɗannan. Karen da halinsa ya canza farat ɗaya, yana cizon itace da duwatsu da tsumma yana haɗiye abin da ba abinci ba, yana gurgurar wani tsohon rauni, yawu yana dalala, muryarsa ta sauya, ko mai faɗa ya koma shiru, to a yi tunanin haukan kare. Kada kowa ya sa hannu a bakinsa da sunan ciro ƙashi ko gashi. A killace shi, a kira ma'aikatan dabbobi. Wanda karen ya ciza ko ya yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa na tsawon minti 15, ya wuce asibiti nan take don allura. Kimanin mutum 59,000 wannan cuta take kashewa duk shekara a duniya, kusan duka a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Idan alamunta suka bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi.

Zuwa wurin likita

Idan za a je, a ɗauki hoton kashin da waya, sannan a ɗebi kamar cokali ɗaya na sabon kashi, na ranar, a sa a leda mai tsabta ko ƙaramar roba mai murfi. Da shi likita zai duba ƙwan tsutsa a madubi, har da na wata tsutsa mai shan jini, wadda take rame 'yan kwikwiyo ta mayar da kashinsu baƙi. Zai iya ɗan kankare fata don neman ƙazuwa, in kuma yana zargin toshewa ya yi hoton ciki. Ku faɗa masa gaskiyar abin da karen yake ci, da ko yana fita yawo, da duk maganin da kuka riga kuka ba shi, ko da na gargajiya ne. Akwai asibitocin dabbobi na gwamnati a manyan garuruwa, akwai na koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato da Jami'ar Maiduguri, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana yin allurar rigakafin haukan kare.

Abin da zai rage gashin tun daga tushe kuwa ba shi da tsada. A riƙa taje kare mai yawan gashi da buroshi sau biyu ko uku a mako, kullum ma idan gashin yana zuba, domin wanda ya fita a buroshi ba zai shiga ciki ba, kuma a wurin tajewar ne ake ganin kaska da ƙuraje tun suna ƙanana. A ajiye masa ruwa koyaushe, musamman a watannin zafi. Gashin tsifa da na aski a tattara shi a inda ba zai kai ba.

Kashin kuma a kwashe shi kullum, ko da gashi ko babu. Ƙwan macijin ciki na kare yana buƙatar mako 2 zuwa 4 a ƙasa kafin ya iya kama mutum, daga nan kuma yana iya yin watanni har shekaru da ransa. Yaron da yake rarrafe a tsakar gida yana kai ƙasa baki shi ne yake haɗiye shi, kuma tsutsar tana iya kaiwa hanta ko ido. Wanda yake kwashewa kullum ya katse wannan hanya. A yi da shebur, a binne da zurfi ko a zuba a masai, kada a kai shi lambu a matsayin taki, sannan a wanke hannu da sabulu.

'Yan kwikwiyo ana fara ba su maganin tsutsa tun suna mako 2, a maimaita duk bayan mako 2 har su kai wata 2 ko 3, sannan wata-wata har wata 6. Babban kare kuma duk bayan wata 3, kuma a tabbatar maganin ya ƙunshi praziquantel, domin shi ne yake kashe tsila, yawancin sauran ba sa taɓa ta. Karen farauta da mai bin garke da mai zagaya kwata suna iya buƙatar fiye da haka, likita zai faɗa muku. Idan karenku ya wuce wata 3 bai sha maganin tsutsa ba, ko ba a yi masa allurar haukan kare a bana ba, ku kai shi asibitin dabbobi a cikin makon nan.